SHARHI: Ɗaliban sitaj da aikin faɗakarwa kan lafiya a Matamaye: Wa zai koya wa wa?

A ranar 17 ga Yulin 2023 aka samu rahoton mutum na farko da ya kamu da cutar mashaƙo a gundumar lafiya ta Matamaye da ke jihar Damagaram. Kwana tara bayan haka sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, hankalin kowa ya koma can. Kafin watan ya ƙare ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya. Cutar kuwa ba ta jira kowa ba. Zuwa ƙarshen shekarar, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna waɗanda ake zaton sun kamu a faɗin ƙasar sun haura 2,000, waɗanda suka rasu sun wuce 100, kuma Damagaram ce ta fi ɗanɗana kuɗarta.

Mashaƙo na da rigakafi. Allurarta na cikin waɗanda ake yi wa jarirai kyauta idan sun kai sati 6, sati 10 da sati 14 da haihuwa. Don haka duk inda ta ɓarke, alama ce cewa akwai yara da dama da allurar ba ta kai gare su ba, ko an fara masu ba a ƙarasa ba. Wani ɓangare na matsalar na kayan aiki ne: nisan asibiti, firjin adana allurai, man babur, ƙarancin ma'aikata. Ɗaya ɓangaren na magana ne. Uwa ta kai ɗanta sau ɗaya, ya kwana da zazzaɓi, babu wanda ya gaya mata tun farko cewa hakan na faruwa kuma yana wucewa, sai ta ɗauke ƙafa.

A wannan ɓangare na biyu ne batun ɗaliban da ake turawa koyon aiki, waɗanda a Nijar ake kira 'yan sitaj, ya zama abin dubawa. Su ne za su gaji aikin nan da 'yan shekaru, kuma abin da suka koya a makonnin da suke yi a ƙauye shi za su ɗora rayuwar aikinsu a kai.

Abin da ake tura su yi

Damagaram na da makarantar horas da ma'aikatan lafiya ta gwamnati, ENSP, da tsangayar lafiya a Jami'ar André Salifou, ga kuma makarantun lafiya masu zaman kansu. A Yamai akwai cibiyar ISP da ke horas da ƙwararru kan lafiyar al'umma, da makarantar koyon aikin jarida da aka daɗe ana kira IFTIC. A tsarin karatun lafiya, ɗalibi ba ya karɓar takarda sai ya yi sitaj, kuma wani kaso na sitaj ɗin a asibitocin karkara da ake kira CSI ake yin sa. A can zai koyi yin allura, awon ciki, ɗora yaro a sikeli, cika rajista. Ana kuma buƙatar ya nazarci matsalolin lafiyar garin da aka kai shi, ya jagoranci zaman faɗakarwa.

Duk wanda ya taɓa zuwa CSI ranar awo ya san yadda zaman ke kasancewa. Mata na zaune a benci ko tabarma da goyo, kowacce hankalinta na kan layi da aikin da ta baro gida. Wani matashi ko matashiya da farar riga na tsaye da allon hotuna yana bayani kan shayar da nono zalla ko gidan sauro. A ƙarshe a tambaya ko an gane, a amsa da "to". Sai a rubuta a rajista: zama ɗaya, mata kaza. Adadin ne ke shiga rahoto, domin shi ne mai sauƙin ƙirgawa. Ko wata daga cikin matan ta canza shawara, ko ma ta fahimci abin da aka ce, wannan ba ya da gurbi a takardar.

Ba laifin ɗalibin ba ne. An koya masa cewa faɗakarwa ita ce isar da saƙo daga wanda ya sani zuwa ga wanda bai sani ba. Matsalar ita ce matar da ke zaune a gabansa ba hannu rabbana ta zo ba. Tana da nata bayanin kan abin da ke damun ɗanta, ta ji na uwar mijinta, ta ji na wanzami, wataƙila ta ji wani saƙon murya a wayar maigida. Ɗalibin na magana ne a kan maganganu huɗu ko biyar da suka riga shi, alhali bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Faransanci a aji, Hausa a gaban mara lafiya

Akwai kuma batun harshe, wanda ya fi yadda ake zato zurfi. Ɗalibin ya yi karatunsa da Faransanci, a nan ya haddace sunayen cututtuka da matakan magani. Idan ya iso Matamaye ko Kance, da Hausa zai yi aiki. Idan ɗan Yamai ne ko Tillaberi, ƙila Zabarmanci ne harshensa. Ko Bahaushe ne, jin Hausa daban, iya bayanin cuta da ita daban.

Kalmar "rigakafi" kaɗai ta isa misali. Ɗigon foliyo da ake bi gida-gida ana yi rigakafi ne. Ƙwayoyin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a damina don kare su daga zazzaɓin cizon sauro, su ma rigakafi ake ce masu. Allurar da ke kare yaro daga mashaƙo, wadda sai an je asibiti ko an tari ma'aikata a ranar fita ƙauye, ita ma rigakafi ce. Idan aka tambayi uwa ko an yi wa ɗanta rigakafi ta ce an yi, gaskiya ta faɗa, domin masu ɗigo sun shigo gidanta ba sau ɗaya ba. Amma yaron na iya kasancewa bai taɓa samun allurar mashaƙo ba. Ɗalibin da bai san wannan ruɗani ba zai rubuta "an yi" ya wuce.

Haka ciwon wuya. Mashaƙo na farawa da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, sannan wata fata mai launin toka ta rufe maƙogwaron, wuya ya kumbura, gubar ƙwayar cutar ta iya taɓa zuciya. A ƙasar Hausa kuwa, yaron da ya kasa haɗiya galibi wurin wanzami ake fara kai shi a duba ko hakin wuya ne, a cire. Kwanakin da aka ɓata a nan su ne kwanakin da maganin karya gubar ya fi amfani. Ɗalibin da ya tsaya a gaban mata ya ce masu al'adar jahilci ce ya rasa su tun daga jimlar farko. Wanda ya nemi sarkin aska ya zauna da shi, ya nuna masa hoton maƙogwaron mai mashaƙo, ya roƙe shi idan ya ga irin wannan ya turo asibiti ba tare da sa aska ba, ya samu abokin aiki a wurin da mara lafiya ke fara zuwa.

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan akwai fagen da ya kamata a fara ganin tasirin wannan mataki, to ajin horas da ma'aikatan lafiya ne. Ba ana nufin a fassara dukan littattafan likitanci cikin dare ɗaya ba. Amma babu abin da ya hana a gwada ɗalibi da Hausa kan abin da zai faɗa da Hausa, a sa shi ya yi wa tsohuwa bayanin dalilin allura uku maimakon ɗaya, a ba shi maki kan haka.

Gundumar da labari ke shigowa ta kudu

Matamaye tana cikin gundumar Kance, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da kusan mutum dubu 400, a ƙasa mai cunkoson ƙauyuka da fadamun rake. Hanyar da ta taso daga birnin Damagaram ta ratsa ta nan ta bi Ɗan Barto ta shiga Najeriya ta Kwangwalam, ta wuce Daura zuwa Kano. Aure, kasuwa, almajiranci da cirani duk sun haɗa ɓangarorin biyu. Cuta na bin wannan hanya. Mashaƙo ta riga ta yi ƙarfi a Kano tun ƙarshen 2022 kafin a gan ta a Matamaye. Sanƙarau da ta ɓarke a jihar Damagaram daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023 ta kama mutum 559, ta kashe 18, kuma gundumomin bakin iyaka ne suka fi yawan masu ita: Dungas a gaba, Matamaye na biye da 98.

Jita-jita ma wannan hanya take bi, kuma ta fi mota gudu. Mutanen yankin ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, ko da ba su riƙe sunan maganin ba. Ba su manta da dakatar da rigakafin foliyo a Kano a 2003 kan zargin yana hana haihuwa ba. Annobar korona ta ƙara tata. A yau saƙon murya na WhatsApp da aka naɗa a Kano ko Katsina da safe na iya zagaya majalisun Matamaye kafin la'asar, cikin Hausar da kowa ke ji, da muryar mutumin da ya yi kama da malami. Sanarwar ma'aikatar lafiya daga Yamai kuwa sai ta bi ta ofis-ofis, a fassara ta, sannan ta iso.

Wanda ya yi tambaya kan allura a irin wannan wuri ba lallai ne jahili ba. Sau da yawa mutum ne mai tuna baya. Amsa masa na buƙatar sanin tarihin, da haƙurin amincewa cewa an taɓa yin ba daidai ba, kafin a zo ga bayanin abin da ya bambanta yau da jiya. Wannan ba ya cikin allon hotuna.

Abin da yankin ya riga ya gwada

Abin lura shi ne Matamaye ba baƙuwa ba ce a harkar faɗakarwa. Shirin makarantar magidanta, wanda a Faransanci ake kira École des Maris, a jihar Damagaram asusun UNFPA ya fara shi wajajen 2008, kuma gundumomin Magarya da Matamaye ne suka karɓi na gwaji. Tsarin ba mai wuya ba ne. A zaɓo magidanta masu mutunci a gari, waɗanda matansu ke zuwa asibiti, su riƙa zama suna duba alƙaluman CSI ɗinsu tare da ma'aikaci, sannan su je su yi wa 'yan uwansu maza magana a majalisa, a masallaci, a wurin suna. Daga baya shirin ya bazu zuwa sauran jihohi har ya ƙetara zuwa wasu ƙasashen Afirka. A ɗaya gefen iyaka ma, abin da ya taimaka wa Najeriya ta shawo kan foliyo har aka ayyana Afirka ta rabu da nau'insa na asali a watan Agustan 2020, shi ne shigo da sarakuna, malamai da dubban mata 'yan unguwa da ke shiga gida-gida.

Darasin ɗaya ne, kuma Hausawa sun daɗe da faɗar sa: da ɗan gari akan ci gari. Wannan ne ya sa wasu ke ganin tura ɗalibi baƙo ya yi faɗakarwa na wata ɗaya ko biyu ɓata lokaci ne. Zai tafi kafin ya riƙe sunan mai gari. Amana kuwa tana wurin wakilan lafiya na ƙauye da ake kira rele, da ungozoma, da liman, waɗanda za a ci gaba da gani gobe da jibi.

Hujjar na da ƙarfi, amma abin da ta nuna shi ne an ɗora ɗalibin a gurbin da ba nasa ba. A matsayin mai wa'azi, bai kai rele ba. A matsayin mai saurare da rubutu kuwa, yana da abin da rele ba shi da shi. Zai iya zama da rajistar rigakafi ya fitar da sunayen yaran da aka yi wa allurar farko ba su dawo ta uku ba, aikin da shugaban CSI mai duba mara lafiya tun safe ba ya da lokacinsa. Zai iya bin rele zuwa gidajen ya yi shiru ya ji dalili, ya rarrabe wanda nisa ya hana da wanda miji ya hana da wadda aka yi wa tsawa ta yi fushi. Zai iya tattara jita-jitar da ke yawo a makon ya kai wa likitan gunduma. Yana da waya kuma ya iya sarrafa ta, don haka zai iya naɗar muryar liman ko sarkin aska na minti ɗaya a tura ta majalisun da saƙon ƙarya ya bi. Ɗalibin jarida kuma na iya taimaka wa gidan rediyon al'umma ya mayar da sanarwa mai sanyi ta zama hira da mutanen gari, irin salon da Studio Kalangou ke bi tun 2016 a harsunan ƙasa.

Faɗakarwar da ake yi a bakin ƙofa

Akwai wani darasi da ɗan sitaj ke ɗauka ba tare da an rubuta shi a manhaja ba. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ke cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, sun fitar da littafin Une médecine inhospitalière kan dangantakar ma'aikatan lafiya da marasa lafiya a manyan biranen ƙasashe biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Abin da suka bayyana sananne ne ga duk talakan da ya taɓa bin layi: rashin gaisuwa, rashin bayani, tsawa, fifita wanda aka sani. Ɗalibi na kallon na gaba da shi. Idan ya ga ana daka wa matar da ta makara tsawa, ko wadda ta ɓatar da katin yaro, zai ɗauka haka aikin yake.

Matar da aka kunyata a gaban 'yan uwanta ba za ta dawo don an buga sanarwa a rediyo ba. Za ta kuma ba wasu labari a bakin rijiya. Ana iya kashe miliyoyi kan alluna da riguna masu tambari, mu'amala ta minti biyu a teburin awo ta rushe su. Saboda haka zaɓen wanda zai kula da ɗalibi ya fi tsawon sitaj ɗin muhimmanci. Ma'aikatan karkara da ke aiki cikin ƙunci, wasu su kaɗai a asibiti dare da rana, ba za a ɗora masu tarbiyyar ɗalibai a matsayin ƙarin kaya ba tare da an ware masu lokaci da ɗan alawus ba.

Kuɗin waje na janyewa

Abin da ya sa batun ya zama na gaggawa shi ne sauyin da aka samu a shekarun nan. Shekara da shekaru, kaso mai yawa na aikin faɗakarwa a jihohin Damagaram da Maraɗi da kuɗin ƙungiyoyin waje ake yin sa. Su ke buga alluna, su ke sayen lokacin rediyo, su ke biyan kuɗin zama, kuma a ofisoshinsu ne ɗalibai da dama ke samun gurbin sitaj mai ɗan abin sawa a aljihu. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin USAID, wanda ya ɗauki nauyin shirye-shirye irin su Breakthrough ACTION. A nata ɓangaren, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta janye lasisin ƙungiyar ACTED a Nuwamban 2024, ta kuma umarci ƙungiyar agaji ta ICRC ta fice a Fabrairun 2025. Ko mutum na goyon bayan manufar dogaro da kai ko yana sukarta, sakamakon a ƙasa ɗaya ne: aikin ya dawo wuyan hukuma.

Kuma saƙonnin da ke jiran isarwa ba raguwa suke yi ba. Daga 1 ga Satumban 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi, ta mayar da haihuwa kyauta. Talakan da bai san haƙƙinsa ba zai ci gaba da zama gida don tsoron kuɗi, ko ya biya abin da aka yafe masa. A wannan watan ne kuma Nijar ta ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Gaya. Bayaninta na da wuya: sau huɗu ake yin ta, tana rage haɗari amma ba ta kawar da shi gaba ɗaya, kuma ba ta maye gurbin gidan sauro ko ƙwayoyin damina. Duk inda ta isa, yaron farko da ya yi zazzaɓi bayan an yi masa ita zai zama hujja a bakin masu shakka, sai fa idan an riga an faɗa wa iyaye gaskiyar iyakarta.

A irin wannan yanayi akwai jarabar cike giɓi da ɗalibai, tunda ba a biyan su. Asibitocin Nijar sun daɗe suna dogaro da masu aikin sa kai da masu bautar ƙasa, waɗanda suka gama karatu suna jiran ɗauka. Ƙara 'yan sitaj a kan wannan layi ba tare da mai kula ba na da haɗari biyu. Ɗalibin da aka yi wa tambaya kan illar allura ya ji kunyar cewa zai tambayo, ya ƙirƙiro amsa, ya haifar da sabuwar jita-jita da hatimin farar riga. Na biyu kuwa waya ce: hoton yaro mai tamowa ko matar da ke naƙuda da aka ɗora a Facebook ko TikTok don nuna ana aiki, a garin da kowa ya san kowa. Ga kuma ɗawainiyar ɗalibin kansa, kuɗin mota da masauki da abinci, a ƙasar da jinkirin alawus ɗin karatu ya daɗe yana cikin koke-koken ƙungiyar ɗalibai ta USN. Idan sai mai hali ne zai iya zuwa ƙauye, 'ya'yan ƙauyen da suka fi kowa jin harshen wurin su za a bari a baya.

Akwai gyare-gyaren da ba sa buƙatar kuɗin waje, kuma suna hannun hukumar lafiya ta jiha da shugabannin makarantu. Cututtukan yankin na da kalandarsu: zazzaɓin cizon sauro da tamowa daga Yuli zuwa Oktoba, sanƙarau daga hunturu zuwa bazara. Ana iya tsara fitar ɗalibai ta zo gabanin waɗannan lokuta maimakon ta bi jadawalin jarabawa kawai. Ana iya haɗa kowace makaranta da wasu CSI na dindindin, ta yadda rukunin bana zai ɗora daga inda na bara ya tsaya, ya tarar da jerin yaran da aka bi da waɗanda suka rage. Rahoton ƙarshen sitaj kuma, wanda ake rubutawa da Faransanci don malamin da zai ba da maki, ana iya wajabta wa ɗalibi ya karanta taƙaitaccensa da Hausa a gaban kwamitin lafiya na garin, da mai gari da rele a zaune, kafin shugaban CSI ya sa masa hannu a takarda.